Tukunyar da Muka Hana Mai da Abin da Ya Sami Ƙashina

A yawancin gidajenmu, ranar da likita ya ce wa maigida jininsa ya hau ko kitse ya yi yawa a jininsa, ranar ce mai ke barin tukunya. Haka ta kasance a gidana. Ni malamar lissafi ce da ta yi ritaya, na haura shekara sittin, an haife ni a Zariya, aure ya kawo ni Kano, kuma yau ina ɗauke da lalurar da ake kira zaizayewar ƙashi, wato ƙashi ya riƙa rasa ƙarfinsa sannu a hankali har ƙaramar faɗuwa ta isa ta karya shi. Na ɗauki alƙalami ne domin in bayyana yadda man da muke ci, da wanda muka daina ci, ya shiga cikin wannan al'amari, saboda ina ganin mata sa'o'ina da dama suna bin hanyar da gidanmu ya bi, kuma da kyakkyawar niyya suke bin ta.

Na tashi a gidan da ba a tsoron mai. Sana'ar Inna ita ce ƙuli-ƙuli, kuma har yanzu ina iya tuno yadda take zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a kan niƙaƙƙiyar gyaɗa tana juyawa da muciya, har man ya taso sama ya kwanta, ta kwashe shi da ludayi zuwa kwalba, ta bar tunkuza domin murzawa. Tuwon dare ba ya sauka sai da ɗigon man shanu soyayye da albasa, fura kuwa da nonon da Fulani ke kawowa har ƙofar gida muke damawa. Sai dai man ba shi da yawa, domin na sayarwa ne kafin ya zama na ci, kuma jikin da ke cinsa yana daka, yana jan ruwa a rijiya, yana wuni a tsakar gida cikin rana. Duk da haka kakata ta tsufa da doro, ta rage tsawo har muna ganin tsakiyar kanta, mu kuwa muka ɗauka haka tsufa yake. Sai da na girma na ji daga bakin likita cewa irin wannan doron sau da yawa ƙasusuwan baya ne ke tsagewa suna dannuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da mai su ya sani ba.

Lokacin da aka gano hawan jini a jikin Malam, aka kuma ce kolestarol ɗinsa, wato wani nau'in kitse a jini, ya wuce ƙima, umarnin da muka dawo da shi gida gajere ne: a rage mai, a rage gishiri. Ba a faɗa mana wane mai ba, ba a kuma faɗi gwargwadon da za a rage ba, mu kuwa tsoron shanyewar ɓarin jiki ya cika mana zuciya domin mun ga yadda ta kwantar da yayansa. Saboda haka muka ɗauki ragewa a matsayin dainawa. Man gyaɗa ya fita, manja ya fita, man shanu ya fita. A bayansu kuma duk abin da ke da alamar maiƙo ya bi sahu: gwaiduwar ƙwai, kindirmo, gyaɗa, kantun riɗi, hanta, har kifin taitus da na gwangwani. Miyar kukarmu ta koma ruwa-ruwa mai duhu, ba ta sheƙi, tana zamewa daga malmalar tuwo ba ta kama ta, zogale kuwa sai mu dafa mu ci da ɗan yaji babu ƙuli. Ban ga dacewar in bar miji yana cin lami ni ina cin mai daɗi a gabansa ba, don haka tukunya ɗaya muka riƙa ci shekara da shekaru.

Waɗannan shekarun su ne kuma shekarun da jinin al'ada ya ɗauke mini. Na rame sosai, zannuwana suka yi mini yawa, abokan aiki suna yaba mini cewa na iya kula da jiki. Ciwon baya da nake ji idan na daɗe tsaye a gaban allo na jingina shi ga gajiyar aiki.

Karayar ta zo ne a bakin famfo, inda santsi ya kwashe ni ina shirin alwala, na kai hannun dama ƙasa domin in tare. Ban faɗo daga kan komai ba, daga tsayuwata ce kawai, amma tsintsiyar hannun ta kumbura nan take ta karkace. Dangi suka ce a kira maɗori, babbar 'yata wadda ma'aikaciyar jinya ce ta ce sai dai asibiti, kuma na gode Allah da maganarta ta rinjaya. Bayan an ɗauki hoton ƙashi an naɗe hannun da filasta, likitan bai sallame ni ba. Ya ce, "Hajiya, faɗuwa daga tsaye bai kamata ta karya lafiyayyen ƙashi ba. Wannan karayar saƙo ce, kuma ina so mu san abin da take faɗa kafin ta kai ga ƙugu." Ya tura ni awon kaurin ƙashi da na'urar da ake kira DEXA, wadda ba kowane asibiti ke da ita ba, ya kuma sa a auna bitamin D a jinina. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tun 1994 ya ce wanda makinsa ya kai -2.5 ko ya yi ƙasa da haka yana da zaizayewar ƙashi, wanda ke tsakanin -1 da -2.5 kuma ƙashinsa ya fara rauni. Nawa makin a ƙashin baya ya gangara ƙasa da -2.5, bitamin D ɗin ma ya yi ƙaranci.

A zaman jinyar ne na fahimci cewa ƙashi abu ne mai rai. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jikinsa a cikinsu da haƙora yake ajiye. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo, suna aiki dare da rana har ta kai a cikin kimanin shekara 10 an sabunta kusan dukkan ƙashin jiki. Al'amarin ya yi kama da katangar ƙasa, wadda damina ke zaizaya kowace shekara, mai gida kuma yana yaɓe da rani. Muddin yaɓen ya kai yawan abin da ruwa ya ci, katanga tana nan daram. Zuwa wajen shekara 30 ginin ya fi rushewar yawa, daga nan sai su yi kunnen doki, sannan rushewar ta fara rinjaye. Ga mace kuwa, ɗaukewar al'ada na janye sinadarin istrojin wanda ke taka wa masu rushewar birki, har mace kan iya rasa kashi 20 cikin 100 na kaurin ƙashinta a cikin shekara 5 zuwa 7 da suka biyo baya. Ƙiyasin da aka fi ambata a duniya shi ne mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar daga waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karayar.

Wadda ta haɗa mini wannan bayani da tukunyata wata matashiya ce masaniyar abinci da likitan ya tura ni wurinta. Ta sa na lissafa mata abin da nake ci daga karin kumallo zuwa tuwon dare, tana rubutawa, da na gama sai ta ajiye biro ta ce, "Mama, a cikin duk abin da kika faɗa ban ji inda mai ya shiga ba." Na ce mata, "'Yata, ai mai mun rabu da shi tun da daɗewa, saboda lafiya." Daga nan ta yi mini bayanin da nake fatan da kowace mace za ta ji tun kafin ta kai shekarata. Bitamin guda huɗu, wato A da D da E da K, ba sa narkewa a ruwa, sai a mai. Idan abinci mai ɗan maiƙo ya isa hanji, matsarmama na sako ruwanta ya farfasa man, waɗannan bitamin kuma su bi shi su shiga jiki. Idan babu man, kaso mai yawa na wucewa ne kawai. Shi bitamin D, bayan hanta da ƙoda sun sarrafa shi, aikinsa shi ne ya buɗe wa kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini. Wanda ke da ƙarancinsa ba ya tsotsar fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ya ci, alhali wanda ke da isasshe yana tsotsar kashi 30 zuwa 40. Idan kuma jini ya rasa kalsiyam, jiki ba ya jira, daga ƙashi yake ɗiba. Bitamin K, wanda ke cike a ganyayyakinmu irin su zogale da alayyafo da rama, shi ke kammala wani furotin da ke riƙe kalsiyam a jikin ƙashi, kuma shi ma da mai yake shiga. Kenan zogalen da nake ci gaya, ina ganin na yi wa jikina gata, ba duk amfaninsa nake samu ba.

Ta ƙara da abin da ban taɓa tsammani ba game da ramar da ake yaba mini. Bayan ɗaukewar al'ada, ɗan istrojin ɗin da ya rage wa mace mafi yawansa a kitsen jikinta ake samar da shi, kuma nauyin jiki kansa yana sa ƙashi ya riƙa ƙarfafa kansa domin ɗaukar kaya. Macen da ta rame ƙwarai a wannan lokaci ta rasa kariya biyu a tare, shi ya sa ƙarancin nauyi ke cikin manyan abubuwan da likitoci ke dubawa idan suna ƙiyasta haɗarin karaya.

Ba zan ɗora wa rashin mai dukkan laifin ba, domin hakan ba gaskiya ba ne. 'Yata ta nemo mini binciken da aka yi a kan wannan batu tana karanta mini tana fassarawa, ni kuma lambobi ne abincina, don haka na bi su a tsanake. A Amurka an yi wani babban gwaji da mata 48,835 waɗanda al'adarsu ta ɗauke, aka nemi wani rukuni su rage mai zuwa kashi 20 cikin 100 na abin da suke ci su ƙara ganye da 'ya'yan itace da hatsi, aka bi su kimanin shekara 8. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna kaurin ƙashin ƙugunsu ya ɗan ragu kaɗan, amma yawan karaya bai bambanta da na sauran ba. Wannan ya nuna mini cewa rage mai cikin hankali ba ya karya ƙashi. Abin da ya faru a gidanmu daban ne, domin mu mun kore shi ne gaba ɗaya, kuma da ya tashi tafiya ya tafi da nono da riɗi da ƙwai da kifi, waɗanda su ne ke kawo mana kalsiyam da bitamin D. Wannan asarar ta fi tsanani a ƙasa irin tamu. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 a kan yara 123 masu lanƙwashewar ƙafafu ya gano cewa kalsiyam ɗin da suke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne kacal a rana, kuma kalsiyam ya warkar da su fiye da bitamin D shi kaɗai. Yaran nan daga tukunyar iyayensu suke ci. Baligi kuwa yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 a rana, macen da ta haura shekara 50 kuma 1,200, alhali kofi ɗaya na madara kusan 300 yake bayarwa. Wanda abincinsa dama masara da shinkafa da dawa ne, idan ya cire nono saboda tsoron maiƙo, ya cire ɗan abin da ya rage masa.

Da ƙanwata ta ji labari ta zo dubiya, ta ce, "Yaya, ai dama na gaya miki, jiki ba ya yi sai da maiƙo." Ita mace ce mai jiki, mai son kitse da kakiɗe da soye-soye, kuma ta ɗauka abin da ya same ni hujja ce a gare ta. Na zaunar da ita na gaya mata cewa lambobin ba su goyi bayanta ba. Wani nazari na 2006 a kan kusan mutum 15,000 a Amurka ya nuna cewa yawan cin mai mai daskarewa, irin kitsen dabba da man shanu, yana tafiya tare da ƙarancin kaurin ƙashin ƙugu, abin ya ma fi bayyana a maza 'yan ƙasa da shekara 50. Wani kuma na 2010 a kan mata fiye da 137,000 ya gano cewa waɗanda suka fi cin irin wannan man haɗarin karayar ƙugunsu ya ɗara na waɗanda suka fi ƙarancin cinsa da kusan kashi 30 cikin 100, yayin da mai mara daskarewa ya zo tare da ɗan raguwar karaya. Akwai dalilai da masana ke kawowa. Kitsen da hanji bai tsotse ba yana kama kalsiyam su dunƙule su fita tare a bayan gida. A cikin ɓargo, tushe ɗaya ne ke haifar da ƙwayoyin gina ƙashi da ƙwayoyin kitse, kuma gwargwadon yadda ɓargo ke cika da kitse, gwargwadon yadda maginan ke raguwa. Sannan kitsen jiki idan ya yi yawa yana ɓoye bitamin D a cikinsa ya hana shi yawo a jini, shi ya sa masu ƙiba sukan kasance da ƙarancinsa. Da aka auna ƙanwata daga baya, nata bitamin D ɗin ma ƙasa yake, ga gwiwoyi da suka gaji da ɗaukar nauyi. Hanyoyinmu sun bambanta, amma asibiti ɗaya suka kai mu.

A Sifaniya an bi tsofaffi 870 na kusan shekara 9, aka ga waɗanda suka fi amfani da man zaitun na asali haɗarin karayarsu ya ragu da kusan rabi. Man zaitun ba abincinmu ba ne, tsadarsa ma ta fi ƙarfin yawancinmu, amma babban sinadarin da ke cikinsa shi ne kuma mafi yawa a cikin man gyaɗa na ainihi, irin wanda Inna ke kwashewa da ludayi. Matsalar ita ce abin da ake aunawa daga jarka a kasuwa da sunan man gyaɗa sau da yawa tataccen manja ne, wanda za ka ga ya yi barci a kwalba da sanyin hunturu. Manja kusan rabinsa mai daskarewa ne, ko da yake jan yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, don haka wurinsa a miya yana nan, da awo. Abin da na fi ƙyama shi ne man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi yana kumfa a kasko, da kuma man da aka daskarar a masana'anta da ake kira kitsen tirans, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 da a kawar da shi daga abinci, hukumar NAFDAC kuma ta ƙayyade shi a dokarta ta 2022 cewa kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce mai kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da yake samu daga abinci, mai daskarewa kuma kada ya kai kashi 10. Na zauna na yi lissafin da kaina. Wanda ke cin kalori 2,000 a rana, kashi 30 ɗinsa 600 ne, kowane giram na mai kuma kalori 9 ne, kenan kimanin giram 67. Babban cokali ɗaya yana ɗaukar kusan giram 14, don haka abin bai cika cokali biyar ba, kuma a ciki har da man da ke cikin nama da gyaɗa da nono da ƙwai. Mai daskarewa kuwa iyakarsa wajen giram 22 ne. Wannan lissafin ba ya cin minti biyu, kuma shi nake roƙon ma'aikatan lafiya su riƙa yi wa mutane a duk lokacin da suka ce a rage mai. Matar da aka gaya wa cewa mijinta na cikin haɗari ba za ta tsaya a rabi ba, za ta kai umarnin ƙarshensa, saboda haka wajibi ne a faɗa mata wane mai, cokali nawa, da abin da bai kamata ta cire ba.

Yanzu a gidanmu cokali ne ke auna mai, ba ludayi ba. Ina sayen man gyaɗa a hannun matar da na san ita ke matsa da kanta. Miyar kuka ta dawo da sheƙinta, ita kukar ma tana da kalsiyam mai yawa, zogale kuma da ƙuli muke kwaɗa shi. Kindirmo ya dawo, haka riɗi, haka ƙwai da gwaiduwarsa, kifin gwangwani kuma da ƙayarsa nake ci domin a ƙayar kalsiyam ɗin yake. Man shanu ɗigo ne ranar Juma'a, kitse da kakiɗe kuwa ba su dawo ba. Likitan Malam ya ga wannan tsarin ya amince da shi, ya ce dama abin da zuciya ke gudu shi ne mai daskarewa da gishiri, kuma jininsa bai tashi ba saboda canjin.

Game da ƙwayoyin bitamin D, ba na ba kowa shawarar ya saya ya sha haka kawai. Wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 25,871 aka wallafa a 2022 ya nuna cewa shan su kullum bai rage karaya ba ga mutanen da ba a zaɓo su saboda ƙaranci ko raunin ƙashi ba. Ni an auna ni ne aka ga ƙarancin, shi ya sa aka rubuta mini. Magunguna biyu nake sha, kuma ƙa'idojinsu sun saɓa wa juna. Na farko, mai suna alendironet, wanda ke rage saurin rushewar ƙashi, sau ɗaya ne a mako, da sassafe kafin in ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba na kwanciya ko cin abinci sai bayan minti 30. Na biyu, bitamin D, shi kuma sai a tsakiyar abincin da ya fi maiƙo a ranar, domin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka aka wallafa a 2015 ya nuna cewa shansa tare da abinci mai mai yana ƙara shigarsa jini da kashi 32 cikin 100. Ina zama a tsakar gida da hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe, saboda fata ce ke samar da mafi yawan bitamin D kuma baƙar fata tana buƙatar lokaci a rana fiye da fara, ina kuma tattaki da yamma domin ƙashi yana ƙarfi ne idan yana ɗaukar nauyin mai shi. An sa tabarmar roba a bakin famfon. Awon da aka sake yi mini ya nuna zaizayewar ta tsaya, makin ƙashin baya ya ɗan ɗaga, na ƙugu yana nan yadda yake, kuma likitan ya ce in ci gaba da maganin zuwa awo na gaba, lokacin da zai duba ko za a ba ni hutu daga shansa.